Kundin Ayunini: Harshen Ceroki Tsakanin Masu Bincike da Makarantun Kwana

A filin tarihi na wannan fitowa za mu yi nisan zango, mu ƙetare teku zuwa Amurka, wajen mutanen da Turawa suka tarar a can. Dattawanmu da suka kalli finafinan kaboyi a silima sun san su da sunan "Indiyawan daji", masu gashin tsuntsu a ka, suna ihu bisa dawakai ana ta harbe su. Sunan nan kuskure ne tun daga tushe. Ba su haɗa komai da Indiya ba, matuƙin jirgin ruwan nan Kolombos ne ya zaci can ya sauka, suna ya bi su har yau. Kuma da yawansu manoma ne masu garuruwa da majalisu. Su ne 'yan asalin ƙasar, ƙabilu ɗaruruwa, kowace da harshenta.

A shekarar 1879 gwamnatin Amurka ta kafa abubuwa biyu saboda waɗannan mutane. A watan Maris majalisar dokoki ta ware kuɗi aka buɗe ofishin nazarin al'adun ƙabilu a ƙarƙashin cibiyar Smithsonian da ke Washinton, aka ba wani tsohon soja mai hannu ɗaya, John Wesley Powell, shugabancinsa. Aikin ofishin shi ne a bi ƙabilun nan a rubuta harsunansu, da tatsuniyoyinsu, da al'adunsu. A watan Oktoba na wannan shekara kuma aka kawo rukunin yara na farko makarantar kwana ta Carlisle a jihar Fensilbaniya, wadda wani hafsan soja, Richard Henry Pratt, ya buɗe a tsohon bariki. Aikin ita kuwa shi ne a raba yaran da waɗannan harsuna da al'adu. Aljihu ɗaya ne ya biya kuɗin duka biyun. Don mu ga yadda abin ya kasance a ƙasa, bari mu ɗauki ƙabila guda mu bi ta, wato Ceroki, waɗanda ke kiran kansu Tsalagi. Mun zaɓe su ne saboda kafin mai bincike ya zo, kafin makarantar gwamnati ta zo, suna da rubutunsu na kansu.

Asalin mazauninsu duwatsun kudu maso gabashin Amurka ne, inda jihohin Jojiya da Tenesi da Alabama da Karolina suke a yanzu. A cikinsu aka yi wani maƙerin azurfa mai ɗingishi, sunansa Sikwoya. Bai yi makaranta ba, bai iya karanta Ingilishi ko wani harshe ba. Abin da ya gani kawai shi ne Turawa na zana wasu alamomi a takarda, a kai ta wani gari, wanda ya karɓa ya san abin da aka ce. Wajen 1809 ya duƙufa sai ya yi wa harshensu irin wannan. Da farko ya ce kowace kalma zai ba ta alamarta. Alamomi suka yi yawa har suka fi ƙarfin kai. Daga baya ya kasa kunne ya gane cewa duk yawan kalmomin nan, 'yan sautuka ne ƙalilan ke ta juyawa a cikinsu.

Ɗalibanmu za su fi kowa gane dabarar. Mu a allo mukan fara da babbaƙu, sannan mu shiga farfaru, a ɗora wa baƙi wasali ya zama ba, bi, bu. Shi Sikwoya bai raba baƙi da wasali ba. Kowace gaɓa ya yi mata alama guda: "ga" da tata, "ge" da tata, "gi" da tata. Da ya gama a 1821 alamomin 86 ne, daga baya aka bar ɗaya suka koma 85. Wasunsu ya aro siffarsu daga haruffan Turawa da ya gani a littafi ba tare da ya san sautinsu ba, shi ya sa alamar da ta yi kama da D a wurinsu "a" take. Duk mai jin harshen da ya haddace alamomin nan ya iya karatu ke nan, babu sauran haɗa baƙi. Mutane suka ce maita ce. Sai ya zo da 'yarsa ƙarama, Ayoka, aka raba su wuri daban-daban, a faɗa wa uban magana ya rubuta, a kai wa yarinyar ta karanta daidai. Haka aka yarda. A 1825 majalisar Ceroki ta karɓi rubutun a hukumance, kuma cikin 'yan shekaru ya bazu gida-gida, maƙwabci na koya wa maƙwabci, babu aji babu malamin albashi.

Mu nan Kamaru labarin ba baƙo ba ne a kunnenmu. Sarki Njoya na Fumban shi ma ya ƙirƙiro wa Bamun rubutu a ƙarshen ƙarni na 19, ya fara da alamomi ɗaruruwa ya yi ta rage su har suka koma wajen 80, ya buɗe makarantu. Faransawa suka dakushe aikin, suka kawo shi Yawunde a 1931, nan ya rasu a 1933.

Ceroki ba su tsaya a wasiƙu ba. A 1827 suka rubuta tsarin mulki. Ranar 21 ga Fabrairu 1828 jaridarsu mai suna Cherokee Phoenix ta fara fita a babban garinsu New Echota, da harshensu da Ingilishi gefe da gefe, editanta Elias Boudinot. Ita ce jaridar 'yan asalin ƙasa ta farko a Amurka. Kada kuma mu yi musu ado fiye da kima: attajiransu sun kwaikwayi Turawan kudu har a mallakar bayi baƙar fata, ƙidayar 1835 ta nuna bayi kusan 1,600 a hannunsu. Lissafin shugabanninsu shi ne, in suka nuna sun "waye" irin wayewar da Bature ke nufi, za a bar musu ƙasarsu.

Ba a bar musu ba. An sami zinariya a yankinsu na Jojiya, ga kuma masu noman auduga na kwaɗayin gonaki. A 1830 shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe ƙabilun gabas zuwa yammacin kogin Misisifi. Ceroki suka je Kotun Ƙoli, a 1832 ta ce jihar Jojiya ba ta da iko a ƙasarsu, amma ba wanda ya zartar da hukuncin. A 1835 dakarun Jojiya suka ƙwace injin buga jaridar. A ƙarshen shekarar wasu 'yan tsiraru, har da shi Boudinot, suka sa hannu a yarjejeniyar sayar da ƙasar a kan dala miliyan 5, alhali shugaban ƙabilar John Ross ya tara sa hannun mutum wajen 15,000 da suka ce ba da yawunsu ba. Majalisar Dattawa ta amince da yarjejeniyar da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak. A 1838 sojoji suka tattara mutane a sansanoni, aka kora wajen 16,000 zuwa inda ake kira Okalahoma yanzu, tafiyar kusan kilomita 1,600, yawancinta a ƙasa cikin hunturu. An ƙiyasta wajen 4,000 sun mutu a sansanoni da hanya. Ita ce tafiyar da ake kira Tafarkin Hawaye.

Daga nan Ceroki suka rabu biyu, kuma sai mun riƙe wannan don abin da ke tafe. Mafi yawa suna yamma a Okalahoma. Can suka sake kafa gwamnati a garin Tahlequah, suka buɗe makarantun jama'a a 1841, suka sake fitar da jarida a 1844. Wasu 'yan ɗaruruwa kuma suka tsira a duwatsun Karolina ta Arewa, a yankin da ake kira Qualla, talakawa ne masu riƙe da tsofaffin al'adu. Wajen waɗannan na duwatsu mai bincike ya nufa.

Sunansa James Mooney, ɗan baƙi 'yan Ailan, tsohon ɗan jarida wanda bai yi jami'a ba. Powell ya ɗauke shi aiki a 1885, ya isa Qualla a 1887. A lokacin Turawa masu ilimi sun gama yanke hukunci cewa 'yan asalin ƙasa ƙarewa za su yi, don yawansu a duk Amurka ya faɗo zuwa wajen 250,000. Saboda haka binciken na gaggawa ne, irin na wanda ke kwashe kaya daga ɗakin da ya kama wuta. Ba a tambayar wa ya cinna wutar. Mooney ya fara da tattara sunayen itatuwa da saiwoyin magani, a nan ya haɗu da wani dattijo mai magani da ake kira Ayunini, ma'anar sunan "mai iyo". Ba ya jin Ingilishi ko kaɗan, amma tun yana yaro aka horar da shi a kan magani da tarihi da waƙoƙin ƙabilar. Mooney da kansa ya ce kusan kashi uku cikin huɗu na tatsuniyoyin da ya buga daga bakin wannan dattijo suka fito.

Yadda ya sami babban abin da ya samu, shi ma Mooney bai ɓoye ba, kuma a nan ya kamata mu ɗan daɗe. Wata rana Ayunini na ba shi labari, ya zo wurin da akwai waƙar farauta, sai ya tsallake. Mooney ya nemi ya rera, dattijo ya ƙi, ya ce irin waɗannan sirri ne na sana'a, mafarauci kan biya har dala 5 don a koya masa guda ɗaya. Sai Mooney ya biyo masa ta inda ya san zai ji. Ya ce shi ba don kansa yake nema ba, so yake a rubuta a ajiye, don in shi Ayunini da 'yan tsofaffin da suka rage sun mutu, duniya ta san irin sanin da Ceroki suka yi. Dattijo ya sakko. Da sauran masu magani suka ji, sai suka tashi. Suka ce masa duk abin da ya faɗa za a kwashe a kai Washinton a kulle, su kuma su rasa shi. Wasunsu har suka shiga yaɗa cewa ai Ayunini bai san komai ba. Wannan ta yi masa zafi. Ran nan ya zo ya zaro wani littafi daga cikin tsohuwar rigarsa, ya nuna wa Bature don ya gani ko ya san wani abu ko bai sani ba.

Littafin irin na 'yan kasuwa ne, shafi wajen 240, kusan rabinsa cike da rubutun Sikwoya. A Hausance sunansa kundi. A ciki akwai maganin zazzaɓi da na sarar maciji da na ciwon gaɓoɓi, da sunan itacen da za a nema da yadda za a haɗa, da kalmomin da ake tofawa, har da na farauta da na farin jini da na wasan ƙwallonsu. Mu ba zancen ingancin surkullen muke ba, wannan addininsu ne na gargajiya. Abin dubawa shi ne rubutun da aka yi don wasiƙa da jarida ya shiga har ɗakin boka, mutum ya zauna ya rubuta ilimin da kakanninsa suke riƙewa da ka, da harshensa, don amfanin kansa, ba don wani baƙo ba. Mooney ya saye kundin. Ya ba dattijon sabon littafi fari don ya kwafe abinsa, shi kuma ya tafi da na asalin. Daga nan ya bi gidajen masu maganin da suka mutu yana saye daga hannun magada: kundin Gatigwanasti daga ɗansa, takardun Inali daga 'yarsa. Ya tara wajen guda 600 na irin waɗannan rubuce-rubuce. A 1891 ya buga wani ɓangare da fassara a rahoton ofishinsu, tatsuniyoyin kuma suka fito a rahoton 1900.

To, Mooney mugu ne? A ganinmu a'a. Ya koyi harshen, ya zauna da mutanen, ya ambaci sunayen waɗanda suka koya masa a lokacin da wasu masu bincike ke cewa "wani tsoho ya gaya mini". Daga baya ya rubuta gaskiyar kisan gillar da sojoji suka yi wa 'yan Lakota a Wounded Knee a 1890, kuma tsaya wa ƙabilun da ya yi a kan ibadunsu ya sa a 1918 aka hana shi komawa yankunansu. Amma maganar tsofaffin nan fa? Ayunini ya rasu a 1899, Mooney a 1921. A 1926 wani masani ɗan Beljiyam, Frans Olbrechts, ya zo don ya ƙarasa aikin kundin, aka nemi na asalin a Washinton aka rasa. Ya ɓata. Sai da ya ɗauki kwafin da Mooney ya yi da haruffan boko, ya koma Qualla, ya zauna da Will West Long, wani Baceroke da ya yi wa Mooney aikin kwafi tun yana matashi, suka bi shi layi-layi, sannan aka buga a 1932. Tsofaffin da aka ɗauka jahilci ne ya sa su tsoro, ashe sun hango daidai, har ma abin ya zarce yadda suka zata, don su cewa suka yi za a kulle.

Shi wannan Will West Long ya cancanci a tsaya a kansa. Kusan shekara 60 duk Baturen da ya je bincike Qualla ta hannunsa yake bi, shi ne tafinta, shi ne marubuci, shi ne ke sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Littattafan suka fita da sunayen baƙi a bango, suka zama farfesoshi. Shi kuwa ya mutu manomi a duwatsu a 1947. Kusan kowane babban littafi na irin wannan bincike, in ka tona, za ka sami irinsa a ƙarƙashi. Mu ma an yi mana: littafin tatsuniyoyin Hausa da R. S. Rattray ya buga a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami a ƙasar da ake kira Gana yanzu.

Yanzu mu waiwayi ɗaya hannun gwamnatin. A 1887, shekarar da Mooney ya fara zama da Ayunini, kwamishinan harkokin 'yan asalin ƙasa, J. D. C. Atkins, ya jaddada umarnin cewa Ingilishi kaɗai za a yi amfani da shi a makarantunsu. Tsarin Carlisle aka bi. Yaro na zuwa a aske masa kai, a ƙwace tufafinsa a ba shi kaki, a sa masa sunan Bature. Har hoto ake ɗauka na kafin da na bayan, ana nuna wa masu ba da gudummawa. Rabin yini karatu, rabin yini aikin gona ko wanki ko ɗinki. Pratt ya faɗi manufarsa ƙarara a wani jawabi a 1892, cewa a kashe Ba'indiyen da ke cikin yaron don a ceci mutumin. Ya kuwa tsani masu bincike irin su Mooney, yana ganin su ne ke sa mutanen nan alfahari da abin da ya kamata su manta. Kafin a rufe Carlisle a 1918 dubban yara daga ƙabilu fiye da 140 sun ratsa ta, ciki har da 'ya'yan Ceroki, kuma fiye da 180 aka binne a maƙabartarta.

A Qualla ma an buɗe makarantar kwana a shekarun 1880, ba a daina kwanan ba sai 1954. Tsofaffin da suka yi ta sun ba da labarin yadda ake wanke wa yaro baki da sabulu in an ji ya yi Ceroki. Kun ga ke nan a kwari ɗaya, a shekaru ɗaya, ma'aikacin gwamnati na biyan kaka kuɗi don ya faɗi kalma a rubuta, wani ma'aikacin gwamnati na dukan jika don ya faɗi ita wannan kalma. A Okalahoma kuwa abin ya zo ta wata hanya. Dokar 1898 ta rushe kotunan ƙabilar ta yanka ƙasarsu gunduwa-gunduwa, aka karɓe makarantunsu, jaridarsu ta tsaya a 1906, a 1907 yankin ya zama jiha. Amma a nan ma akwai laifin gida: manyan makarantun da su Ceroki suka gina da kuɗinsu a 1851, ta maza da ta mata, da Ingilishi ake koyarwa a cikinsu, kuma 'ya'yan masu hali da suka fito daga can sukan raina 'yan ƙauye masu jin harshen kaɗai.

Dukan da aka yi wa yara bai kashe harshen nan take ba. Illar sai a jikoki ta fito. Yaron da aka wanke wa baki ya girma yana jin harshensa sarai, yana yi da matarsa, amma in ya juyo ga 'ya'yansa sai ya yi musu Ingilishi, don kada su sha abin da ya sha. Ba ƙiyayya ba ce, tausayi ne. Mu da muke zaune a garuruwan da Faransanci ko Ingilishi ke ba da aiki mun san wannan lissafi, ba sai da bulala ba. Gida nawa ne a unguwanninmu uwa ke yi wa yaro Hausa yana mayar mata da Faransanci, kowa na dariya ana cewa yaro ya waye?

A 1969 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya fitar da rahoto a kan ilimin 'yan asalin ƙasa, ya kira shi abin takaici na ƙasa baki ɗaya, kuma Ceroki ya kawo misali. Rahoton ya ce a ƙarni na 19, lokacin da makarantu ke hannunsu, wajen kashi 90 cikin 100 suna karatu da harshensu, kuma a karatun Ingilishi ma sun fi Turawan jihohin Tekzas da Akansas. Bayan shekara sittin da wani abu a hannun gwamnati, kashi 40 cikin 100 na manyansu ba su iya karatun da zai amfane su ba. Makarantar da aka ce ta zo kawo ilimi ke nan.

A waɗannan shekaru ne binciken ya fara sauya hannu. Wasu ma'aurata 'yan ƙabilar, Jack Kilpatrick da Anna Gritts Kilpatrick, suka koma kan takardun Inali da Mooney ya saya, waɗanda suka yi shekara saba'in da wani abu a ajiye. Mooney surkulle ya je nema, shi ya tsinta ya bar saura. Su da suka karanta sauran, sai ga bayanan zaman majalisar gari, da lissafin bashi, da asusun da ake ranta wa mabukata, da wasiƙu, da shari'o'in ƙananan rigingimu, daga 1850 zuwa 1862. Suka fassara aka buga a 1966. Takardu ɗaya ne, a akwati ɗaya. Baƙo ya duba ya ga bokaye, 'yan gida suka duba suka ga gari mai magatakarda da ma'aji. Wannan a wurinmu shi ne babban abin da ke cikin labarin, domin abin da duniya ta sani game da mutane yakan tsaya ne a kan tambayar da mai bincike ya zo da ita a aljihu. A 1969 wani marubuci ɗan ƙabilar Dakota, Vine Deloria, ya yi wa masu binciken al'adu tatas a littafinsa, yana yi musu ba'a cewa duk bazara sai sun sauko wa mutane kamar fari, su koma su rubuta abin da ba ya ƙara wa kowa ko loma.

Sai kuma Durbin Feeling, wanda aka haifa a Okalahoma a 1946. Da Ceroki ya tashi, sai da ya shiga makaranta ya koyi Ingilishi, ya koyi rubutun Sikwoya yana ɗan shekara 12. Ya yi yaƙin Biyetnam, daga can yake rubuto wa mahaifiyarsa wasiƙa da wannan rubutu. Da ya dawo ya haɗa kai da wani masanin harsuna, William Pulte, suka fitar da ƙamus na Ceroki da Ingilishi a 1975, wanda har yau shi ne madogara. A wannan karon sunan ɗan gida ne a gaba. Yana cikin waɗanda suka yi aikin shigar da rubutun cikin kwamfuta, har ya zama tun 2010 mai iPhone na iya aika saƙo da alamomin Sikwoya. Dokoki ma suka juya. A 1990 majalisar Amurka ta yi dokar kare harsunan 'yan asalin ƙasa, da wata da ta tilasta wa gidajen tarihi mayar da ƙasusuwan kakanni da kayan ibada da aka kwasa. Wasu ɗakunan ajiya yanzu ba sa buɗe kundayen magani ga kowa sai da shawarar ƙabilar. Binciken da ma'aikatar cikin gida ta yi a ƙarƙashin Deb Haaland, 'yar asalin ƙasa ta farko da ta riƙe minista, ya ƙirga makarantun kwana 417 da yara aƙalla 973 da suka mutu a cikinsu, kuma a watan Oktoba 2024 shugaba Joe Biden ya nemi gafara a bainar jama'a.

Sai dai ƙamus da doka da neman gafara duk sun zo bayan an yi nisa. Wani bincike da gwamnatin Ceroki ta Okalahoma ta yi a 2002 bai sami ɗan ƙasa da shekara 40 mai jin harshen sosai ba. A watan Yuni 2019 majalisun Ceroki uku suka haɗu suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan harshen. A lokacin masu jin sa tun daga nono wajen 2,000 suka rage, a al'ummar da rajistarta ta haura mutum 400,000, kuma ana rasa wajen takwas kowane wata. A Qualla, garin Ayunini, yanzu ba su kai 200 ba. Allah Sarki. Harshen da yake da tarin takardu a Washinton da jami'o'i, ga nahawu ga ƙamus ga faifan murya, ya rasa yaran da za su yi faɗa da shi a bakin rafi.

Abin da suke yi yanzu ya koma kan yara da tsofaffi. Tun 2001 aka fara ajin ƙananan yara a Tahlequah inda ba a yin Ingilishi sam, ya girma ya zama cikakkiyar firamare, a Qualla ma aka buɗe irinta. Akwai kuma shirin da ake ɗaukar baligi a biya shi albashi na shekara biyu, aikinsa kawai ya zauna da tsofaffi yini guda yana jin harshen yana mayarwa, don a sami malaman gobe. A nan ne takardun su Mooney suka sami amfanin da shi bai yi zato ba: malamai na komawa cikinsu suna tono sunayen tsirrai da kalmomin da ko tsofaffin yau sun manta. Matsalar da suke kuka da ita ita ce yaro ya yi Ceroki a aji, ya koma gida uwa da uba ba sa ji, talabijin da waya kuma duk Ingilishi.

Durbin Feeling ya rasu a watan Agusta 2020. Tun kafin rasuwarsa majalisar ƙabilar ta yi doka da sunansa a 2019, ta ware dala miliyan 16 don harshen. Da kuɗin aka gyara wani tsohon gidan caca a Tahlequah aka mayar da shi cibiyar koyon harshe, aka buɗe ta a watan Nuwamba 2022, makarantar yara da ajin manya duk a rufi ɗaya. A gefenta kuma aka gina 'yan ƙananan gidaje, aka zaunar da wasu daga cikin tsofaffin da suka rage, don su riƙa takowa da ƙafa zuwa wurin yaran.